IN INJIN JIRGIN SAMA YA MUTU GARIN TASHI

Ran 1 ga watan Nuwamba, 1925, waɗansu jiragen sama uku na sojan Ingila da suka taso daga Masar suka sauka Kano. Kowane ɗayansu inji guda gare shi, da farfela guda a hanci. Tun daga ran nan har yau ba a daina aiki da ƙananan jirage masu inji ɗaya a ƙasar nan ba. Da su ake fara koya wa ɗalibai tuƙi a makarantar jirgin sama ta Zariya, wadda aka kafa a 1964, zamanin Firimiya Sir Ahmadu Bello, Sardaunan Sakkwato, wanda Rabah ce mahaifarsa. Da irinsu kuma ake yaƙi da jan baki. A shekarun da tsuntsun nan ya yi yawa, ya dira kan shinkafa da alkama a fadamun Rima, hukuma takan aiko da jirgi ya fesa masa magani a makwancinsa wajen faɗuwar rana. Jirgin feshi kuwa ƙasa ƙasa yake tafiya, har mutum ya hangi matuƙin a ciki.

Saboda haka mutumin Magarya, ko na wani gari a ƙasar Wurno da Rabah da Goronyo, ba abin mamaki ba ne wata rana ya ji ƙarar jirgi ta ɗauke a kansa, ya ga jirgin ya nufo gonarsa. Ya kamata ya san abin da matuƙin ke ƙoƙarin yi, da dalilin da ya sa ya zaɓi gona, da kuma abin da ya rataya a wuyan wanda ya fara isa wurin.

ABIN DA KE RIƘE DA JIRGI

Mutane da yawa suna tsammanin inji ne ke riƙe da jirgi a sama, da ya mutu sai jirgi ya faɗo kamar dutse. Ba haka ba ne. Aikin inji jan jirgi gaba kaɗai. Abin da ke ɗauke da shi iskar da ke wucewa ta bisa fukafukansa ce, kuma muddin yana da gudu iskar nan ba ta sakinsa. Wanda ya taɓa lura da ungulu ya ga yadda takan miƙe fukafukai ta yi nisa ba ta kaɗa su ko sau ɗaya ba. Haka jirgi yake in injinsa ya mutu, sai dai shi gangarowa zai yi ta yi, don gangarowar ita ce ke ba shi gudu a maimakon inji.

A ɗauki misali da Cessna 172, ƙaramin jirgi mai ɗaukar mutum 4, wanda ake koyon tuƙi da shi ko'ina a duniya. In ba inji, aka bar shi yana gudun wajen mil 75 a awa, kowace ƙafa 1 da ya sauko yakan ci ƙafa 9 gaba. Watau in yana bisa da ƙafa 5,000 zai iya kai mil 8, matuƙi kuma yana da wajen minti 6 na duba ƙasa da gwada ta da inji da kiran filin jirgi ta rediyo. Amma in ƙafa 300 kaɗai ya hau, iyakarsa rabin mil, lokacinsa kuwa bai cika rabin minti ba. Nisan da ke tsakanin jirgi da ƙasa shi ne guzurin matuƙi, mai tashi kuwa bai riga ya tara guzuri ba. Shi ya sa mutuwar inji garin tashi ta fi kowace muni. Jirgin feshi kuma, da yake aikinsa duk kusa da ƙasa ne, kullum cikin wannan hali yake.

Akwai kuma iyakar gudu wadda in jirgi ya gaza ta, iska sai ta saki fiffike. Ga jirgin da aka ambata wajen mil 55 ne a awa. Sa'ad da jirgi ke hawa hancinsa na sama, gudunsa kuwa kaɗan ya ɗara wannan iyaka. Kamar babbar mota ce da kaya tana hawan tudu: da inji ya ɗauke, nan da nan gudu ya zube. Saboda haka abu na fari da ake koya wa matuƙi, ana nanata masa har ya zama jiki, shi ne ya tura sandar tuƙi gaba, ya sunkuyar da hancin jirgi cikin 'yan sakan kaɗan. Abin da wuya ga zuciya, don ƙasar da yake tsoro ita ake cewa ya nufa. Amma wanda ya ja hanci sama don gudun ƙasa, shi ne ke riga kowa isa gare ta.

GABA KO BAYA?

In inji ya yi tari tun tayoyi suna ƙasa, magana ba ta da tsawo. A rufe mai, a taka birki, ko da jirgi zai zarce ƙarshen titi ya shiga ciyawa. In an ɗan ɗaga kuma akwai sauran titi a gaba, a koma kansa. Wahalar tana ga wanda ya riga ya wuce titi, yana bisa da ƙafa 200 ko 300 ko 500, gabansa gonaki da itatuwa, bayansa kuwa ga fili shimfiɗaɗɗe mai kwalta da motar kashe wuta. Zuciyar kowane ɗan Adam za ta ce masa ya juya. Juyawar nan ta kashe matuƙa masu yawa, har malaman tuƙi na ƙasashen Turai da Amurka suka sa mata suna juyin da ba ya yiwuwa.

Hukumar jiragen sama ta Amurka ta buga lissafin abin a littafin da take koyar da matuƙa. Aka ɗauka inji ya mutu jirgi na bisa da ƙafa 300. Kafin matuƙi ya gane abin da ya faru ya motsa hannu, sakan 4 sun wuce. In ya juya a hankali yadda aka saba, kafin hanci ya dubi inda wutsiya take minti 1 ya cika. Ko da ya gama wannan kuma bai daidaita da titi ba, don juyin ya fitar da shi gefe da ƙafa 4,200, sai ya ƙara wani. Jimla sakan 79. Jirgi mai juyi ba inji yakan zubar da wajen ƙafa 1,000 a minti, watau yana bukatar ƙafa 1,316, ga shi kuwa 300 gare shi. Da ƙasa za ta buɗe ta ba shi hanya, da sai ya iske kansa ƙarƙashin titi da fiye da ƙafa 1,000.

To, mai wayo zai ce a karkata jirgin da ƙarfi mana, a gama juyin da sauri. Gaskiya ne juyi mai tsanani ya fi ajiye guzuri, amma yana da nasa kuɗin. Gwargwadon karkatar fiffike, gwargwadon gudun da yake nema kafin iska ta riƙe shi. In an karkata digiri 45, iyakar nan takan hau da kashi 19 cikin 100. In an kai digiri 60, takan hau da kashi 41, watau mil 55 ya koma kusan 78, ya wuce gudun da jirgin ke yi. A nan ne matuƙi, yana ganin ƙasa na matsowa, yakan ja hanci ya kuma danna feda don ya gaggauta juyin. Sai iska ta saki fiffike ɗaya ta bar ɗaya, jirgi ya kife, ya sauko da ka yana juyi kamar katantanwa. Mai ƙafa 3,000 yana iya warware wannan. Mai ƙafa 300 ba ya iyawa.

Ga kuma maganar iska. Jirgi yakan tashi yana fuskantar iska ne. In ya sauka gaba, iskar tana rage masa gudu bisa ƙasa, in ya juyo kuwa tana tura shi. A ce jirgin zai taɓa ƙasa da mil 55, iska kuma tana mil 10. Mai sauka gaba da mil 45 zai taɓa, mai juyowa da 65. Bambancin ya fi yadda ido ke gani, don in gudu ya ninka sau 2 ƙarfin karo ninkawa yake sau 4. Tsakanin 45 da 65 ƙarfin karon ya wuce ninki biyu. An kuma ƙera kujeru da ɗamarar ƙananan jirage yadda in jirgi na gudun mil 50, ya sami ko da ƙafa 10 na abin da zai ci gudun nan a hankali, na ciki suna iya fita da ransu. Jirgi yakan lalace, amma jirgi ƙarfe ne, ana sayen wani.

Ba a ce komawa baya haramun ce har abada ba. Jirgin da ya hau ƙafa 1,000 ko fiye, da titi mai tsawo, da matuƙin da ya riga ya gwada juyin can sama tare da malaminsa ya san ƙafa nawa jirginsa ke ci, yana iya komowa lafiya. Sharaɗin shi ne a yanke shawara tun a ƙasa. Matuƙin kirki, kafin ya saki birki, yakan faɗa da bakinsa cewa in inji ya mutu ƙasa da ƙafa kaza gaba zai sauka, a fili kaza da ya riga ya duba. Lokacin da abin ya auku ba lokacin lissafi ba ne.

Labarin da duniya ta fi sani a kan wannan shi ne na ran 15 ga Janairu, 2009, a birnin New York. Wani babban jirgi mai mutum 155 ya ci karo da garken dinyoyi jim kaɗan bayan tashi, yana bisa da wajen ƙafa 2,800, injinsa biyu duka suka mutu. Masu hasumiya suka ba matuƙin, Chesley Sullenberger, izinin komowa. Ya auna, ya ga ba lalle ya kai ba, ƙarƙashinsa kuwa gidaje ne. Ya shimfiɗa jirgin bisa kogin Hudson, ba wanda ya mutu. Daga baya masu bincike suka gwada komawar a na'urar koyon tuƙi. Waɗansu da suka juya nan take sun kai. Da aka jinkirta sakan 35, gwargwadon abin da mutum ke bukata ya gane halin da yake ciki, ba a kai ba.

Injin da ya mutu rabi da rabi ya fi wanda ya mutu sarai yaudara. Hukumar binciken haɗari ta Ostareliya ta ƙidaya daga 2000 zuwa 2010 sau 242 ƙarfin injin ƙaramin jirgi ya ragu bayan tashi, aka yi asarar rai a 9 daga ciki. A lokutan da inji ya ɗauke gaba ɗaya kuwa, cikin shekarun nan, ba a rasa rai ba. Dalili a fili yake: wanda injinsa ya yi shiru ya san matsayinsa, wanda nasa ke tari kuwa yakan yi ta sa rai, yana lallaɓa juyi, har gudu ya ƙare.

Jirgi mai inji biyu dokarsa daban, don yana iya tafiya da ɗaya, amma mai ran yakan ja jirgin ya karkata wajen mataccen, in gudu ya yi ƙasa kuwa ba a iya riƙe shi. Ran 21 ga Fabrairu, 2021, wani ƙaramin jirgin sojan saman Nijeriya mai inji biyu ya tashi daga Abuja za shi Minna, ya ba da labarin inji ya samu matsala, ya juyo, ya faɗi kafin ya kai titi. Mutum 7 da ke ciki duka suka rasu, Allah ya jiƙansu.

ZAFI DA ƘURA DA RUWA

Yawancin mutuwar inji daga mai take. Ko dai tanki ya ƙare, ko an buɗe wanda ba kome ciki, ko ruwa ya shiga. Duron mai da aka bari tsaye a waje da damina, ruwa yakan kwanta a kansa, in dare ya yi duron ya huce sai ya tsotse shi ta bakin murfi. Ruwa ya fi fetur nauyi, yakan kwanta ƙasan tanki, sai jirgi ya ɗaga hanci sa'an nan ya gangara cikin inji. Don haka ne ake ganin matuƙi kafin ya tashi yana tatsar mai daga ƙarƙashin fiffike cikin 'yar kwalba yana ɗagawa wajen haske. Fetur ɗin jirgi shuɗi ne, ruwa kuwa yakan fito fili a gindin kwalbar. Ƙurar hunturu tana toshe matatar iska. Wani abin mamaki kuma, ƙanƙara tana iya daskarewa cikin kafireto ran da ake zufa, in iska na da laima, don fetur yakan sanyaya maƙogwaron inji ƙwarai sa'ad da yake zama tururi.

Zafin bazara shi kuma ɓarawo ne na ɓoye. Iska mai zafi ba ta da kauri, inji ba ya samun abin shaƙa sosai, fiffike ba ya samun abin takawa. Filin jirgin Sakkwato bisansa daga teku wajen ƙafa 1,000 ne, amma da azahar ta watan Afrilu, zafi ya wuce digiri 40, jirgi yakan ji kamar daga kan dutse mai ƙafa 4,000 da ɗoriya yake tashi. Gudunsa a titi ya ƙara tsawo, hawansa ya yi nauyi. Mutanen Kano ba su manta da ran 4 ga Mayu, 2002 ba. Da tsakar rana wani jirgin kamfanin EAS mai mutum 77, za shi Ikko, ya ci titi duka bai ɗaga ba, ya zarce cikin ƙasa, injunansa suka shaƙi ƙura ƙarfinsu ya ragu. Ya ɗaga da ƙyar, gabansa kuwa ba gona ba fili, sai gidajen Gwammaja. Fiye da mutum 100 suka rasu, na jirgi da na gari, har da Ministan Wasanni, Ishaya Mark Aku. Wannan shi ne dalilin da ya sa hukuma ke hana gini a bakin titin jirgi. Filin nan da ake gani kamar an bar shi banza, shi ne mafakar matuƙi da fasinja da maƙwabta.

ZAƁEN WURI

Ƙasar Wurno da Goronyo ta fi wurare da yawa sauƙi ga wanda inji ya yashe shi, don shimfiɗaɗɗiya ce, amma ba kowane fili ne yadda yake daga sama ba. Gonar tudu da rani, bayan an kwashe kara, ita ce ta fari, in an bi tsawon kunya ba a gitta ta ba. Gonar dawa ko gero da ke tsaye ma ba ta da laifi, karan yakan ci gudun jirgi a hankali kamar birki. Fadamar shinkafa mai ruwa kuwa da yashin gulbi sukan kama tayoyin gaba, jirgi ya wuntsila. Suri da kututture da bakin rijiya ba a ganinsu sai an zo kansu. Hanyar mota tana jan ido, amma wayar lantarki ba ta ganuwa daga sama, ga kuma motoci da babura da masu tafiya kasuwa. In babu makawa sai itatuwa, akan koya wa matuƙi ya ratsa tsakanin biyu, fukafukai su karye su sha ƙarfin karon, ɗakin mutane ya wuce. In tafkin Goronyo ne kaɗai a gabansa, ya buɗe ƙofa tun bai taɓa ruwa ba. Ko a tudu ma akan saki ƙofa, a kashe mai da wuta, don kada jikin jirgi ya lanƙwashe ya kulle mutane ciki.

Saukar daji ba hukuncin mutuwa ba ce. A watan Yuni, 1991, wani jirgin kamfanin Okada da ya kasa sauka Kano ya juyo Sakkwato, mai ya ƙare masa, ya sauka a daji kusa da filin jirgi. Mutum 50 da 'yan kai ke ciki, mafi yawansu suka fita da rai, ga shi kuwa jirgi ne babba wanda gudun saukarsa ya ninka na ƙaramin jirgi.

WANDA YA FARA ISA WURIN

Wanda ya ga jirgi ya nufo shi shiru, ya gudu gefe, kada ya bi tsawon filin a gaban jirgin, don ba mai ƙafar da za ta tsere masa. Makiyayi ya bar dabbobi, ya janye yara.

In jirgi ya tsaya, a zo masa ta gefe ko ta baya, ta wajen da iska ke fitowa. Kada kowa ya taɓa farfela ko da ta yi shiru. Wutar injin jirgi ba daga batir take ba, wata na'ura ce ke haifar da ita da zarar farfela ta motsa, in kuwa wayar kashe ta ta tsinke garin karo, ɗan turi da hannu ya isa ya ta da inji ya sare mutum. Taba da ashana da fitilar kananzir a bar su nesa, don fetur ɗin jirgi cikin fukafukai yake, su ne kuwa ke fara fashewa. Wanda ya ji rauni, in babu wuta ba warin mai, a bar shi yadda yake, a tsai da jini, a yi ta yi masa magana har masu magani su zo, don ɗaukar mai karayar wuya ba bisa ƙa'ida ba tana iya shanye masa jiki. In akwai wuta ko hayaƙi, a kwance ɗamara a fitar da shi, mutum ɗaya na riƙe da kansa daidai da jikinsa.

Jirgin feshi yana da wani haɗari na dabam. Maganin jan baki guba ne mai ƙarfi, yana shiga ta fata ba sai an sha ba. Wanda ya taɓa shi ya tuɓe rigar, ya wanke jiki da sabulu da ruwa mai yawa. In ya ga yawu na zuba, da zufa da amai da ƙuncin numfashi, a kai shi asibiti nan da nan, a gaya wa likita abin da ya taɓa. A hana dabbobi kiwo da shan ruwa a wurin, kada kuma a tsinci tsuntsayen da maganin ya kashe a kai tukunya ko kasuwa.

A aika wa mai unguwa da hakimi da 'yan sanda, su ne za su sanar da hukumar binciken haɗari ta tarayya. Kafin ma'aikatanta su iso, mai gari ya sa a tsare wurin. Kada a ɗauki ko ƙusa, kada a tsiyaye mai, kada a taɓa maɓallan da ke gaban matuƙi, don daga inda aka bar kowane maɓalli, da abin da ya rage cikin tanki, masu bincike ke gane abin da ya kashe injin. Mai gona kuma ya nuna wa hakimi iyakar ɓarnar da aka yi wa amfaninsa tun ba a janye jirgin ba, a rubuta a gaban shaidu, don da wannan takarda zai nemi diyya wurin masu jirgin.